Fim Ɗin da Na Sa wa Mma a Ɗakin Takaba

Shekarun baya, tun ban fara rubuto muku sunayen finafinai a nan ba, na taɓa zaɓa wa mutum ɗaya fim, zaɓin da ya sa dangin babana suka yi zama a kaina. Mutumin nan mahaifiyata ce, Mma muke ce mata. Yau zan ba ku labarin, don na gaji da jin sa a bakin waɗanda ba su kasance a ɗakin ba.

Lokacin ina aiki a wani ɗan shago kusa da tashar motoci ta Race Course a Kumasi, muna tura wa mutane finafinai a waya da fulash. Shagon na abokina ne, amma bakin da ke ciki nawa ne. Direba zai shigo ya ce a ba shi mai duka da harbi, in ce masa ya fara kai wa iyalinsa wani abu mai ma'ana tukuna. Ina ji da kaina sosai paa a lokacin. Duk wanda ya nemi dogayen wasannin nan na Indiya da aka mayar yaren Twi, waɗanda mace za ta yi mako guda tana saukowa daga bene, sai na yi masa kallon tausayi kafin in tura masa. A gida kuma su ne abin kallon Mma da Baba. Ita a tabarma, shi a kujerarsa, suna gardama a kan wanda ya fi mugunta, kuma ra'ayina bai taɓa hana su barci ba.

Baba kafinta ne a unguwar Anloga. Ya daɗe yana tari, kullum ya ce ƙurar katako ce, za ta wuce. Ranar da ya yarda a kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba.

Mma ta shiga takaba, sai Gwaggo, yayar Baba, ta karɓi ragamar ɗakin. Kullum da safe za ta hau tiroto, motar hayarmu, daga Ayigya Zango, ta zo ta zauna a bakin ƙofa, sai bayan azahar ta koma ta yi wa gidanta girki. Ba zan ci amanarta ba, ta yi wahala. Amma ta zo da dokoki cike da jaka. Ta rufe madubi da zane, ta rufe talabijin da wani zanen, ta ɗauke rediyo. Ba ɗaga murya, ba dariya, ba zama a tsakar gida. Ta ce haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mata, haka za a yi wa Mma.

Kafin addu'ar arba'in ban damu ba, don mutane na ta shiga da fita. Bayan an yi addu'ar ne ƙafa ta ɗauke, na fara ganin abin da ke faruwa. Mma, matar da in ta yi dariya a tsakar gida sai masu hayar ɗakin ƙarshe sun leƙo, ta koma ta juya wa bango fuska. Ta yi sallah, ta kwanta. In kawo koko, ya huce a inda na ajiye. In tuƙa tuwo da miyan ayoyo, ta taɓa sau biyu ta ture. Ga ta da ciwon suga, maganinta ba a shan sa da cikin wofi. Wata nas da ke unguwarmu ta zo ta auna ta, ta ja ni waje ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba. In aka ci gaba a haka, wata addu'ar za ku yi kafin a fita wannan takabar."

Na riga na rasa uba. Ban yi niyyar zama ina kallon uwa tana bin bayansa don a ce gidanmu an riƙe al'ada ba.

Abin da na iya a duniya shi ne fim, don haka da shi na fara. Na durƙusa gaban Gwaggo na ce, "Gwaggo, da an bar ni na buɗe mata tibi, ko na ɗan lokaci ne da rana. Ko za ta ɗan saki jiki."

Ta ajiye carbinta ta dube ni sama da ƙasa. "Tibi? A ɗakin takaba? Ƙasar kabarin ƙanena ko bushewa ba ta yi ba, ke kina maganar sinima? Wannan shagon ya lalata miki kai."

"Ba ta cin abinci, Gwaggo."

"Mai takaba ba biki ta zo ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi, amma ban haƙura ba. Na wuce wurin malamar da ta koya mini karatu ina yarinya, na tambaye ta gaskiyar lamarin. Ta ce abin da ta sani an hana mai takaba shi ne ado da turare da kwana a wani gida da zancen aure. Rufe talabijin da hana dariya kuwa ba ta karanta a ko'ina ba, muddin abin da za a kalla ba na banza ba ne. Har na miƙe da murna, sai ta ƙara da cewa, "Amma gwaggonki ce fa. Ki bi a hankali." Na ɗauki rabin farko na maganar, rabi na biyu na bar mata a kan buzu.

Ranar, Gwaggo na fita na yaye zanen. Na yi shi a sace, kamar na ɗauki abin da ba nawa ba, alhali talabijin ɗin ni na saya.

Yanzu ku ji ƙwararriyar zaɓen fim. Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi, na ce mai baƙin ciki abu mai sanyi take so, wanda ba mutuwa, ba soyayya, ba kiɗa. Na kawo mata fim ɗin kifaye a ƙarƙashin teku. Ni kaɗai na kalla, har na fara gane su ɗaya bayan ɗaya. Washegari na kawo na tsuntsaye. Na kawo wani a kan yadda mutanen da suke tafiya aikin hajji a ƙasa, ina cewa wannan ko Gwaggo ta kama mu ba ta da ta cewa. Mma ko juyowa ba ta yi ba. Da na rasa yadda zan yi, na haɗiye girman kaina na turo wasan Indiyan da suke kallo da Baba. Ana fara kiɗan buɗewa ta ce, "Kashe." Na waiwaya na ga ba talabijin take kallo ba, kujerar Baba take kallo. Na kashe, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Abin da ya buɗe mini ido wata baƙuwa ce da ta makara da zuwa gaisuwa. Ta zauna tana ta jero abin da kowa ke jerowa: a yi haƙuri, a yi haƙuri, ai mijinki mutumin kirki ne, bai taɓa saɓa miki ba, bai bar ki da abin faɗa ba. Ina zaune a gefe, idona ya sauka a hannun Mma. Ta kama bakin tabarma ta murɗe, ta murɗe, har kabar ta tsinke. Fuskarta ba ta motsa ba, bakinta na cewa "na gode."

Na san hannun nan. Da shi take murɗe kunnena ina ƙarama. Ashe ba baƙin ciki kaɗai ke cin Mma ba, fushi take yi. Fushi take da Baba, kuma an cika ɗakin da haƙuri har ba inda za ta ajiye shi.

Akwai wani fim da nake da shi a shago, na wata ƙasa mai nisa ta masu noman shinkafa. Labarin wata tsohuwa ce da mijinta masunci ne. Ta hana shi shiga ruwa ranar da hadari ya haɗu, ya ƙi ji, bai dawo ba. Fim ne mai tafiya a hankali, ba duka, ba harbi, ba rawa. Duk wanda na tura wa sai ya dawo ya ce ba a yi komai a ciki ba, in ba shi wani. Ni kuwa a wurina babu kamarsa a shagon. Da na ce wa abokina shi zan kai wa Mma, sai ya saki waya ya kama kai.

"Ei! Kanki ɗaya kuwa? Matar da mijinta ya mutu za ki kai wa fim ɗin mutuwar miji?"

"Shi zan kai."

"In wani abu ya same ta fa?"

"Wani abu yana kan samun ta yanzu haka, muna nan muna magana."

Fim ɗin da yarensu aka yi shi, ana rubuta Turanci a ƙasa, Mma kuwa ba ta karatun boko. Wannan ba sabon abu ba ne a gidanmu. Tun ina makaranta ni ce mai fassara, in zauna kusa da talabijin ina mayar wa mutanen gida magana da Hausa, wani lokaci har da ƙarin gishiri. Na jira Gwaggo ta tafi, na yi addu'a kada a ɗauke wuta, na kunna. Na fara fassara wa bayan Mma, don har lokacin bango take kallo.

An nuna tsohuwar tana hana mijin fita. An nuna shi yana dariya yana cewa ya san ruwan nan tun ba a haife ta ba. Ina faɗin wannan na ji tabarma ta motsa. Ban waiwaya ba, kada in kore ta. Aka nuna an dawo da kwalekwale babu kowa a ciki. Aka nuna mata sun cika ɗaki suna ba ta baki. Da na saci kallo, Mma ta tashi zaune ta jingina da bango.

Sai aka zo wurin da saboda shi na kawo fim ɗin. Tsohuwar ta je bakin ruwa ita kaɗai, ta tsaya, ta fara magana da mijin. Na karanta abin da aka rubuta, sai zuciyata ta karye. Duk jarumtar da na yi a shago ta gudu ta bar ni. Na ce, "Tana cewa Allah ya jiƙansa, ta yafe masa."

Mma ta ce, "Ƙarya kike."

Ta miƙa hannu wajen talabijin.

"Dubi wuyanta. Dubi yadda take nuna ruwan da yatsa. Matar nan faɗa take yi. Mayar da shi baya, ki faɗa mini abin da ta ce."

Na mayar. Na faɗa mata daidai yadda aka rubuta. Tsohuwar cewa take: kai mai taurin kai, na ce kada ka je, ka yi mini dariya. Yanzu kana kwance kana hutawa, ni ka bar ni da rufi mai yoyo da mutane masu ba ni haƙuri. Wa ya ce maka na gama da kai?

Mma ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Sai ta ɓalle.

"Shekara nawa ina ce masa ya je asibiti? Shekara nawa? Ya ce ƙura ce. Ƙura! Na tara kuɗin koko na ba shi ya je a duba shi, ya je ya sayo ƙusa da fenti. Ya yi wa rabin Kumasi gado, nawa ƙafa ɗaya bulo ce. Ya ce in Sallah ta wuce zai gyara. Sallah nawa ta wuce? Ya kwanta ya tafi abinsa, ko ya ce mini ga abin da ke damuna. Ni ba mutum ba ce? Ni ba matarsa ba ce?"

Tana faɗa tana dukan cinyarta, hawaye na zuba. Ban ba ta haƙuri ba. Wallahi na rantse a raina ko kalma ɗaya ta haƙuri ba za ta fito daga bakina ba. Na riƙe mata ƙafa kawai, na bar ta ta yi.

Ashe wata a gidan ta riga ta kai wa Gwaggo labarin cewa ana kunna tibi a ɗakin takaba. Ranar Gwaggo ba ta hau mota ba, ta je ta zauna wurin wata ƙawarta ta dawo don ta kama mu. Inuwarta na gani a labule kafin in ji muryarta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mamaci kike wa faɗa? Ƙanena? Ke kuma, kashe abin nan!"

"Ba zan kashe ba, Gwaggo."

Ni kaina na yi mamakin yadda maganar ta fito a miƙe. Ta nufi bango za ta zare wayar talabijin, na tashi na tsaya a gabanta. Ban taɓa ta ba, duk wanda ya ce muku na ture ta ƙarya yake. Amma na ɗaga murya, wannan kam na yi. Na ce tun da aka yi rasuwar nan yau ne Mma ta yi magana mai tsawo. Na ce in dai sai ta mutu ne za a ce ta yi takaba mai kyau, to ba da ni ba. Na ce na je na tambaya, babu inda addini ya ce a rufe mace a ɗaki kamar an binne su tare.

Gwaggo ta tsaya tana huci. Sai ta ce wani abu da har yau nake ji a ƙirjina. "Ni da na yi tawa takabar a ɗaki mai duhu, ba mai ce mini ci kanki, mahaukaciya ce? Ban san ciwo ba ne?"

Na ce, "Da ina nan a lokacin, Gwaggo, da ke ma na kunna miki."

Da zuciya ɗaya na faɗa, amma ba haka ta ɗauka ba. Idonta ya kawo ruwa, ta juya kai don kada in gani.

Mma ce ta raba mu. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Yaya, bar yarinyar nan. Ni na ce ta mayar da shi baya. Ƙanenki na fi kowa sonsa, shi ya sa nake masa faɗa. In za ki zauna, ga wuri."

Gwaggo ba ta zauna ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama babu.

Muka ci gaba da kallo. Tsohuwar ta koma gida, ta hau tsani da kanta tana gyaran rufi, tana yi tana mita. Can Mma ta ce, ba tare da ta ɗauke ido daga talabijin ba, "Akwai sauran tuwon nan?" Na fita da gudu har na yi tuntuɓe da bokitin maƙwabciya. Na ɗumama, na kawo. Ta cinye tas, ta ce miyar ba gishiri, wa ya koya mini girki. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ba a yi mako ba aka kira ni gidan babban kawunmu. Maza a kujeru, Gwaggo a gefe ta rufe fuska da mayafi. Aka karanto mini laifina: na ci mutuncin yayar ubana, na mai da ɗakin takaba gidan kallo, na sa an ji muryar mai takaba har waje. Aka ce in durƙusa in ba da haƙuri, in kuma yi alkawarin mayar da zane kan talabijin.

Na durƙusa, don an haife ni a gidan da ake durƙusa wa manya. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini ɗaga muryar da na yi. Bai kamata ba." Kawu ya gyaɗa kai yana jiran sauran. Na ce, "Fim kuwa gobe ma zan sa. Na riga na zaɓa."

Wani ya yi salati, wani ya ce yaran yanzu sai addu'a. Kawu ya tambaye ni ko na san da wa nake magana. Na ce na sani, kuma duk wanda yake so a rufe talabijin ya zo ya zauna da Mma ya sa ta ci abinci, in ya iya ni da kaina zan rufe. Ba wanda ya ce zai zo. A nan zaman ya watse.

Haka muka ƙarasa takabar, ni da Mma, kullum bayan azahar. Ba duk abin da na kawo ne ya yi mata ba. Wani ta ce ɓata wuta ne, wani ta yi barci a tsakiya, wani ta sa na maimaita mata shi har na haddace. Daga baya ita da kanta ta ce in dawo mata da wasan Indiyan nan, tana so ta ga ƙarshen muguwar matar. Na zauna na kalla tare da ita, ni mai raina shi, har na fara gardama.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi. Mutane na rubuto mini su ce in ba su fim mai kyau, mai tsabta, wanda ba zai tayar da hankalin kowa a gida ba. Ina ba su, akwai ranar da shi ake bukata. Amma wanda ke cikin ciwo ba kullum yake son a ɗauke masa hankali ba. Wani lokaci so yake ya ga wani ya buɗe baki ya faɗi abin da shi aka hana shi faɗa. Kuma ba za ka san wanne ake bukata ba sai ka zauna ka kalli mutumin da kyau kafin ka kalli fim ɗin.

Mma na nan da ranta, tana sayar da kokonta, tana faɗa da jikoki. Gwaggo kuwa ta rasu. Muna gaisawa a wurin suna da biki, amma har ta koma ga Allah ba ta sake cin abincin da na dafa ba. Yana ci mini rai, ba zan yi muku ƙarya ba, don ita ta yi mini wankan jarirai, kuma na san ba mugunta ta sa ta yi abin da ta yi ba. Ina yi mata addu'a duk sallah. Amma masu cewa har yanzu da na bi a hankali, da na jira, da na saurari manya, su ji da kyau. A mayar da ni ɗakin nan yau, Mma na faɗa da Baba tana kuka, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa, rimot na hannuna. Ƙara murya zan yi.